Hedimasta, Wace Iska Ce Ta San Rajista?

Gaisuwa irin ta ubangida da bawansa, Malam Bazazzagi. Ina fatan hancin ya sake, muryar kuma ta dawo. Ranar da na kira ka na zaci kwaɗo ne ya amsa wayar daga cikin randa, sai da ka ce "dama ina nemanka" ta hanci, sannan na gane hedimastan nan ne da ake ji da shi a Zazzau. Na ce me ya same ka, ka ce iska ce. Yaran makaranta fa? Ka ce rabin aji uku na kwance, su ma iska ce. Malamin lissafi? Iska. Uwargida? Iska. To ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin iskar da ta san rajista ba, wadda ke bin yara benci-benci, ta gama da aji uku ta shiga aji huɗu, amma ta tsallake telan da ke jikin katangarku yana ɗinkinsa a fili.

Kada ka ce sharri nake maka don ina Bakano. Da ƙafata na zo makarantar taka, ko ka manta? Wata Litinin ce cikin Janairu, hazo ya lulluɓe Kufena har ba a ganin kan dutsen. Na sauka a Kwangila, ɗan acaɓa ya kai ni har ƙofa, na tarar da kai tsaye kamar sabon dogari: hular sanyi ta rufe kunne, rawani a kan hular, babbar riga a kan suwaita, warin man zafi na tashi daga jikinka kamar an fasa kemis. Dorina a hannun dama, rajista a hammata, kana tare 'yan makara.

Cikinsu akwai wani ɗan yaro da bai wuce shekara takwas ba. Ido ja, leɓe a bushe, yana karkarwa duk da rigar sanyin yayansa da aka zura masa har gwiwa. Ka tambaye shi me ya hana shi zuwa Alhamis da Juma'a. Ya ce ba shi da lafiya. Ka ce me ke damunsa. Ya ce mura. Ka waiwayo ka dube ni kana dariya, ka ce, "Ka ji 'yan zamani, wai mura ma ciwo ce." Ka zuba masa biyu a tafin hannu, ka ce ya wuce aji. Ni kuwa na bi bayansa, don Bakano ba ya ganin kaya sun shiga kasuwa bai bi ya ga inda za a sauke su ba.

Taga shida ce a ajin, duk a rufe. Inda gilashi ya fashe an cusa kwali, inda kwali bai kai ba an toshe da tsumma. Bencin mutum uku, biyar ne a kai, na shida ya ɗosana a gefe. Iskar ɗakin tun ta Juma'a ce, ba a canza ta ba. Yaron nan bai gama zama ba ya saki atishawa, baki buɗe, a kan littafin maƙwabcinsa. Aji duka suka amsa masa da addu'a, ladabi kam ba a magana, Zazzau ce. Ya share hancin da bayan hannu, ya goge hannun a benci, ya miƙa shi aron fensir. Ya tauna gindin fensirin yana tunanin bakwai sau takwas, ya mayar wa mai shi, shi ma ya ɗora daga inda aka tsaya. Da aka fita tara na ga randa ɗaya a gindin darbejiya, moɗa ɗaya ɗaure da igiya don kada a sace, yara sun yi layi, kowa ya kafa baki ya miƙa wa na baya. A bakin ƙofa mai awara na barbaɗa yaji, hannu biyar a leda ɗaya. Gaɓar rake guda ta zaga baki huɗu a gabana. Malamar ajin kuwa, Allah ya saka mata, tana duba littattafai tana lasar yatsa kafin ta buɗe kowane shafi.

Da na faɗa maka abin da na gani, kana ofis kana kurɓar shayin citta da kanumfari, sai ka ce, "Kai Bakano, ban da awo da canji me ka sani?" To shi ɗin na sani, kuma shi ne maganar. Mu muka san yadda kaya ke tafiya: daga hannu zuwa hannu, ta wurin dillali. Mura ma haja ce, kuma makarantarka ce babbar rumfarta.

Abin da ya sa ake raina ta, mu Hausawa suna ɗaya muka ba su duka. Akwai murar da ke tsayawa a hanci, yaro na jan majina yana buga ƙwallonsa. Akwai kuma wadda asibiti ke kira infuluwenza, ita ba ta sallama. Yaro ya tafi makaranta garau, kafin azahar jiki ya ɗau zafi, kai na sara, gaɓoɓi kamar an yi masa duka, maƙogwaro na ciwo, ga busasshen tari. Yawanci cikin mako guda zazzaɓin ke sauka, tarin kan ja mako biyu ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum biliyan 1 ke kamuwa da ita duk shekara, miliyan 3 zuwa 5 ta jigata su sosai, tsakanin 290,000 da 650,000 kuma ta tafi da su. Ita ce wadda ka ce ba ciwo ba ce.

Ƙwayarta, irin da likitoci ke kira bairos, tana fita ne cikin feshin tari da atishawa, har da magana, ta faɗa hancin na kusa. Ko ta sauka a benci da marfin ƙofa da fensir ta jira hannu, hannu ya kai ta ido ko hanci ko baki. Wanda aka ba ajiyar yakan yi kamar kwana 2 bai sani ba, wani kwana 1, wani har 4. Mugun abin, tun kwana guda kafin ya ji komai ya fara rabawa, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7, ƙananan yara ma sukan zarce haka. Ban taɓa ganin dillali irin ɗan firamare ba. Ba ya karɓar la'ada, kuma da yamma yana da wata kasuwar, don daga wurinka Islamiyya zai wuce, can ma tabarma ɗaya.

Ban ce hunturu ba shi da hannu ba, kada ka je majalisa ka ce Bakano ya wanke iska tas. Ƙurar nan da ke tasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi tana busar da hanci da maƙogwaro ta bar ƙofa a buɗe, ƙwayar ma ta fi jimawa a busasshiyar iska mai sanyi. Amma iska share fage take yi, ba ta zuwa da ƙwayar a aljihu, sai wani ya kawo. Kai kuma ka toshe tagogi don gudun mai ƙaramin laifi, ka kulle yara da mai babban a ciki. An gudu ba a tsira ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wannan ko ɗan ajinka na biyar ya sani. Rufe tagogin wannan ɓangaren in ka ga dama, ka buɗe na kudu da na yamma. In an fita tara a wangale duka har ƙofa. Masu shara su yayyafa ruwa kafin su sa tsintsiya. Ko sisi ba a kashe ba, ka ga shawarar Bakano ke nan.

Kuma tunda ku ne masu boko, masu Barewa da Alhudahuda da jami'ar da aka buɗe a Samaru tun 1962, bari ɗan kasuwa ya yi maka bitar tarihi. A 1918 annobar murar da tsofaffinmu ke kira Marisuwa ta sauka Legas daga jirgin ruwa cikin Satumba, ta hau jirgin ƙasa ta yo arewa. Masu tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya cikin 'yan watanni, a duniya kuwa ana maganar miliyan 50. To ɗauko taswirar da ke rataye a ofishinka ka duba mini: jirgin da ya taso daga kudu zai zo Kano, a wace babbar tasha yake tsayawa ya sha ruwa kafin ya iso mu? Ban ce komai ba. Sai kuma Fabrairun 2006, da aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani ta H5N1 karon farko a duk Afirka, a wata gonar kaji a Jaji, nan bakin ƙofarku. Nan ma ban ce komai ba. Abin lura dai, Marisuwa layin dogo ta bi, inda mutane suka bi nan ta bi, ba ta jira guguwa ba.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce mashaƙo fa, da ya ɓarke a ƙarshen 2022, ina ya fi ɓarna in ba Kano ba? Na karɓa, wannan tamu ce, kuma ba ta dariya ba ce. Yara muka binne, da yawansu ba su samu allurar da ake yi kyauta tun suna jarirai ba. Shi ya sa ma nake maka wannan surutun. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Shi ma mashaƙon da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi yake farawa, a ce mura ce, a tura yaro aji. In ka ga wuyan yaro ya kumbura, ko wani farin abu ya shimfiɗu a maƙogwaronsa, wannan ta wuce citta, asibiti ne a ranar.

Yanzu ina bokitin nan? Kada ka ce wanne. Mai famfo a gindi, wanda aka kawo lokacin korona, bayan an rufe makarantu a Maris ɗin 2020 aka ce ba buɗewa sai da wurin wanke hannu. Ka ɗauki hoto a gabansa, takunkumi a haɓa, ka turo mini. Ranar da na zo a ofishinka na gan shi, cike da zoɓon malamai, famfon na aiki lafiya lau. Sabulun kuwa ka ce yara ke sacewa. To a huda shi a ɗaure mana, dabarar da ta tsare moɗa ai za ta tsare sabulu. Ka san abin da ɗan wanke hannun nan da rufe hanci da rage cunkoso da tafiye-tafiye suka yi wa mura? A ƙasashe da yawa ta kusa ɓacewa a lokacin sanyin 2020 zuwa 2021. Akwai ma wani dangi nata, ana ce masa Yamagata, da tun Maris ɗin 2020 ba a sake tabbatar da ganinsa ba, har masana suka ba da shawarar a cire shi daga allurar rigakafi. Zuri'a guda ta ɓace don kawai mutane sun daina miƙa wa juna.

Wankin kuma ba irin naka na tsoma yatsu uku kafin tuwo ba. Ruwa mai zuba, sabulu, a cuɗa ciki da baya da tsakanin yatsu kamar daƙiƙa 20, kafin cin abin tara, bayan an fito makewayi, bayan an fyace majina. Yaran da suka iya alwala ba sa buƙatar dogon turanci a kan wannan, sabulu kawai za a ƙara musu. Rufe baki ma malamin Islamiyya ya riga ka, ya karantar da su cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan rufe fuskarsa da hannu ko tufa in zai yi atishawa. Abin da likita ya ƙara shi ne a yi cikin lanƙwasar gwiwar hannu, don ba da ita ake gaisawa ko karɓar fensir ba. Moɗa kuwa a sallame ta. Kowane yaro ya zo da gorarsa, robar lemo da aka wanke ta isa.

Amma duk waɗannan ƙananan dillalai ne. Uban dillalan makarantarka yana rataye a bayan ƙofar ofis, da fatar dorina aka yi shi. Kai ka kafa dokar duk wanda ya yi fashi bulala biyu. Kai kuma kake ba da kyauta ranar rufe makaranta ga yaron da bai taɓa fashi ba, kyautar ma, don abin ya cika, sabulun wanka. Na ga wanda ya ci ta bara, an kira shi gaban iyaye ana ta tafi. Da gaskiya za a bi, lambar babban wakilin rarraba mura na shiyya ta kamace shi, don sai na rantse akwai ranakun da ya zo da zazzaɓi ya sauke wa aji. Uwa ta taɓa goshin ɗanta da asuba ta ji rau, ta san kwanciya ta kamace shi, amma shi ke kuka yana neman takalmi, don dorinarka ta fi ciwon kansa ba shi tsoro. Uban kuma ya ce an biya kuɗin zango, ba za a yi asara ba. Wannan uban kam ina zargin jininmu ne. To ko a kasuwar Kwari wannan lissafin bai fita ba: ka hana yaro ɗaya hutun kwana uku, ka rasa goma na mako guda, har da malamin da zai koyar da sauran.

Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ba ta kai bakwai sau takwas wuya ba. Mai zazzaɓi ya zauna gida har sai ya yi awa 24 jikinsa bai yi zafi ba, kuma ba don an danne zafin da farasitamol ba. In a makaranta ya fara, a fitar da shi daga aji, a kwantar da shi a ofishinka mai kujerar kushin, a aika gida. Malami ma haka. Kai ma haka, Hedimasta, da ka tsaya a taron safe kana jawabi kan tsafta kana tari a kan 'yan layin gaba.

Kuma ba don yaran kaɗai ba. Ɗan firamare mai ƙarfi yakan kwanta kwana huɗu ya tashi ya nemi ɗumame. Waɗanda ake ji wa tsoro suna gida suna jiran a tashi makaranta: jaririn da ke goye, matar da ke da juna biyu, ƙanensa mai sikila ko asma, da kakar da zai faɗa jikinta ya ce ta ba shi na ƙosai. Su ne mura ke gangara wa ƙirji ta zama limoniya. Japan ta shafe shekaru tun daga 1962 tana yi wa 'yan makaranta allurar mura, da aka daina kuma masu bincike suka lura mutuwar tsofaffi a lokacin sanyi ta ƙaru. Allurar duk shekara ake sake ta, don ƙwayar na sauya riga kamar ɗan siyasa. Mu nan ba ta cikin waɗanda ake yi wa yara kyauta a sha-ka-tafi, sai mai hali ya nema, ko maniyyacin da hukumomin Saudiyya suka shawarta ya yi kafin ya tashi. Kai da ka je ka dawo mana da tarin da ya fi dabinon yawa, ka san zancen.

Saura kemis. Da kunnena na ji kana ce wa wata uwa ta je a haɗa wa yaro ja da yalo da na tari. Hedimasta, takardarka ta koyarwa ce. Irin wannan kafson maganin bakteriya ne, bairos ko gezau. Abin da ake samu sai asarar kuɗi da koya wa wasu ƙwayoyin taurin kai, ranar da ake neman maganin da gaske ya ƙi ci. Asfirin kuma kada a kai shi kusa da yaro mai mura, yana iya jawo wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Farasitamol daidai shekarunsa, ruwa da yawa, kunu mai ɗumi, a bar shi ya yi barci. Kuma a ƙasarmu ba a yanke wa zazzaɓi hukunci da ido, a je a ɗiga jini, cikin kamar minti 20 a san ko na cizon sauro ne. In kuwa numfashi ya yi sauri, ko haƙarƙari na faɗawa in ya ja iska, ko ya kasa shan ruwa, ko ya yi jijjiga, ko zazzaɓin ya sauka ya dawo da ƙarfi, ba a jiran gari ya waye. Ga asibitin Shika nan a bayan gidanku, kullum kuna yi mana gori da shi, to a mora.

Ga abin da na yi. Na shiga Singa na sayi katan guda na sabulu, na taya har mai shagon ya rantse ya faɗi, na ba wani direba a Unguwa Uku, zai sauke maka a Kwangila ranar Asabar. Shi ne kuɗin shararka na bana, na biya tun kafin watan cika-ciki, kada ka zo mini ƙofar gida da tsintsiya. Kuɗin mota kai za ka biya. A juye zoɓon nan, a wanke bokitin, a kai shi gindin darbejiya. Dorinar kuma ka ba direban ya kawo mini, akwai mai saye a Kurmi. Litinin ta sama ina nan tafe, kuma ta taga zan leƙo. In na same ta a rufe, a majalisarku zan karanta wannan takarda da ƙarfi, da muryar nan da ka yi mini a waya.